Roka Ɗaya Tak ta Saja Toktosun

Duk wanda ya ce maka harba makami mai linzami danna maɓalli ne kawai ka koma ka sha shayinka, ka ce masa ni Kofur Jirgal na ce bai san abin da yake faɗa ba. Shekara da shekaru ina saɓe da bututun rokar nan a gadon baya, ina bin Saja Toktosun hawa da gangara, har kafaɗata ta hagu ta fi ta dama yin ƙasa. Matata ce ta fara lura, wai na koma kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda.

Namu mai waya ne. In roka ta fita, tana tafe tana warware wata siririyar waya a bayanta, ta nan ake ba ta umarni. Mai harbi yana kwance rub-da-ciki, ido a madubi, hannuwa biyu a kan 'yan ƙarafunan murzawa, ɗaya na kai saiti dama da hagu, ɗaya sama da ƙasa. Inda ya ɗora saitin nan take bi, ba ta da wayon kanta ko kaɗan. Kuma ba ta da saurin da mutane ke zato. In tankar da ake hari tana can nesa, kana iya ɗaure igiyar takalminka kafin ta isa. Duk tsawon lokacin nan ba tari, ba susa, in ƙuda ya sauka maka a hanci sai dai ka yi masa sannu da zuwa a zuci.

Abin da ke cin ran Toktosun shi ne, shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa harba ta gaske ba. Wallahi ko sau ɗaya. Roka abu ne mai tsada, ɗaya ake turo wa rundunarmu a shekara, kuma kullum sai ta faɗa hannun wani sabon laftanan da gashin bakinsa bai gama tsirowa ba. Toktosun ne zai koya masa a na'urar gwaji da ke cikin wata tsohuwar mota mai warin gas, shi zai gyara masa kwanciya, sannan ya koma gefe ya toshe kunnuwa. A na'urar gwajin kam ya ƙona tankokin da suka fi na duniya yawa. Da kaka zai ajiye kaki ya koma ƙauye. Shi ya sa ranar da Kanar Osmonaliyeb ya kira shi ya ce rokar bana tasa ce, kuma a gaban baƙi zai harba ta, ya fito daga ofis ya tsaya yana kallon bango.

“Jirgal,” ya ce da ni, “ka taɓa ganin na yi kuka?”

“A'a, baike,” na ce, haka muke kiran babban wa a harshenmu.

“To juya baya.”

Baƙin nan ƙawayenmu ne. Ƙasashe uku muka yi alkawarin in an taɓa ɗaya an taɓa saura, kuma duk bazara sai a taru a gwada ko alkawarin zai yi aiki. Bana a kwarin Kara-Bulak aka yi. Tsarin da manya suka zana ba wuya. Mu Kirgizawa ba mu da tankoki da yawa, duwatsu muke da su kamar a yi sadaka, don haka in abokan gaba suka kunno kai ta bakin kwarin, mu za mu tsare su da rokoki har tankokin Kazakawa su ƙaraso. Na ukun, na wata ƙasa da ke arewa da mu, da muke kira mutanen arewa, nasu jiragen sama ne da injiniyoyi da son duba agogo.

Mu da Kazakawa kuwa ba mu haɗuwa ba a taɓa tsiya ba. Tun ranar da muka kafa tanti wani kyaftin ɗinsu mai suna Daulet, gajere kakkaura kamar an auna shi da ƙofar tanka, ya maƙale mana.

“Masu saƙa, sannunku da aiki! Zaren ya kai ina?”

“Sannu mai tukunya,” in ji Toktosun. “Mutum uku a ciki, an rufe murfi, wuta kawai ake jira.”

“Tukunyar dai tana tafiya. Kai fa, in ƙura ta tashi?”

“In jira ta kwanta.”

“In na saki hayaƙi?”

“Iska ta kwashe.”

“In na ɓullo maka nan kurkusa, ta bayan wancan dutsen, kafin rokarka ta buɗe ido?”

Nan fa ya kama Toktosun, don gaskiya ce, roka sai ta ɗan yi nisa take fara jin magana. Ni na karɓe.

“Sai mu ruga, Kyaftin. Ai shi ya sa mu aka ba mu ƙafa, ku aka ba ku tumbi.”

Ya yi dariya har yana riƙe tumbin. “To na ji, kun ƙona tanka goma. Wa zai sauka ya karɓe kwarin? Kai da bututunka?”

“Ku mana,” in ji Toktosun, “in kun iso. Bara sai da muka ci abinci muka yi barcin rana kafin mu ji ƙararku.”

Nan suka tafa. In roka ta samu, Daulet zai saɓi bututun ya zaga sansani a gaban yaransa. In ta kuskure, Toktosun zai wanke masa tanka da hannunsa, har ƙarƙashi.

To, kwarin nan makiyayar bazara ce ta ƙauyen su Toktosun. An roƙi mutane su kora dabbobi sama na 'yan kwanaki, sun kora suna gunaguni, don haka Kanar ya ce a gayyato dattawansu su zo kallo a yanka musu tunkiya. Wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu shi ne Aksakal Sagimbai, mahaifin Toktosun. Ana gobe harbi ya zo mana har ramin da za mu yi harbin a kan wani jan doki, da farar hularsa ta ulu, bai ko sauko ba.

Sai ka ga Toktosun, mutumin da sababbin sojoji ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, ya miƙe tsam ya sa hannu a ƙirji kamar ɗan makaranta.

“Wannan ce?” in ji tsohon, yana nuna bututun da bulala.

“Ita ce, Ata,” ya ce, wato baba.

“An ce sai ka riƙe ta har ta isa.”

“Haka ne, Ata.”

“Harsashi ce ko makauniya, da sai an yi mata jagora? Kakanka ya harbi kyarkeci daga kan doki yana sukuwa, ba wanda ya raka masa harsashi.” Ya dube ni. “Kai kuma mene naka?”

“Ni ke ɗauka, Aksakal.”

“Ka ji. Ƙarti biyu, abu ɗaya.”

Ya juya dokinsa. Na dubi Toktosun, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce kada in damu, haka tsohon yake, tun yana yaro bai taɓa jin ya ce masa madalla ba, ko ranar da ya ci tseren dawaki cewa ya yi dokin ne mai kyau. Ya faɗa yana dariya, amma ni na ga abin na yi masa zafi.

Washegari da hantsi komai ya kankama. Manya suna can kan tudu a ƙarƙashin rumfa, janar-janar da kanar-kanar na ƙasashe uku, dattawa a gaba an jera musu shayi da soyayyen burodi da nonon goɗiya. An kafa lasifika manya guda biyu, ɗaya kuwa saitin raminmu take kallo. Abin da za mu harba wata mushen tanka ce tun ta zamanin iyayenmu, tarakta ke jan ta da doguwar igiyar ƙarfe daga bayan tudu. Tsakanin wasu duwatsu biyu kaɗai ake ganinta. In ta shige bayan na biyun, shi ke nan, sai wata shekara.

Na ɗora bututu, na duba waya, na bugi kafaɗarsa alamar an shirya. Toktosun ya kwanta, ya goge tafin hannunsa a wando, ya manna ido a madubi. Ko numfashinsa ba na ji.

A wurinmu ba a fara babban abu dattijo yana zaune ba a ce ya sa albarka ba, don haka Kanar ya miƙa wa Aksakal Sagimbai makirfo. Kai, da ma bai miƙa ba! Tsohon nan bai taɓa jin muryarsa tana dawowa daga duwatsu ba, abin ya yi masa daɗi. Kowa ya buɗe tafin hannu, shi kuma ya ɗauko ta tun daga tushe. Ya roƙa wa ƙasa ruwa da ciyawa. Ya roƙa wa goɗiyoyi haihuwa lafiya. Ya roƙa wa baƙi, da matan baƙi, da surukan baƙi. Ya roƙa wa Kazakawa Allah ya rage musu cika baki, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya roƙa wa tunkiyar da aka yanka. Ya ce abokan gaba ma, ko su wane ne, Allah ya ba su hankali su zauna a gida.

Mai kula da filin harbi wani manjo ne na mutanen arewa. Ba ya jin harshenmu, ya ɗauka jawabin maraba ake yi, jiragensu kuma suna tafe a kan lokaci. Ya duba agogo, ya ba tarakta umarni.

Na hango hancin tsohuwar tankar ya leƙo daga bayan dutse. Rediyo ta yi ƙara a kunnena: a harba. Na ce, “Baike, an ce a harba.” Ya ce, “Na ji.”

Ƙarar ta daki ƙirjina, ƙura ta turnuƙe mu, sai ga jan ɗigon wuta yana tafe yana 'yar rawa a kan kwarin. Na san wannan rawar, na gan ta a hannun laftanan-laftanan tana tsalle sama da ƙasa kamar ɗan akuya. Ta Toktosun kuwa ta yi lilo sau ɗaya ta nutsu. Hannunsa na dama na murzawa a hankali, a hankali, yana bin tankar. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na ce a raina, Daulet, shirya kafaɗarka.

Tsohon kuwa ƙarar ba ta dakatar da shi ba, sai ma ya ɗaga murya.

“Da ɗana Toktosun, wanda ke can kwance cikin ƙura. Ban taɓa faɗa masa ba, amma ɗa ne na gari, bai taɓa sa ni jin kunya ba. Allah ya yi wa hannuwansa albarka. Amin!”

Kwarin gaba ɗaya ya amsa amin. Janar-janar suka shafa, dattawa suka shafa, masu dafa abinci suka shafa da cokali a hannu, ni ma na shafa. Ina sauke hannu na ga abin da har yau ban manta ba. Toktosun ya saki ƙarafunan nan biyu, ya janye ido daga madubi, ya shafa fuskarsa tun daga goshi har gemu.

Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ya koma ya cafke su, amma ina! Roka ta tafi sak inda aka bar ta, tankar kuma ta matsa gaba. Ta wuce ta bayanta kaɗan, ta je ta daki gefen dutse, ƙasa ta tashi, wata gafiyar dutse ta fito a guje.

Na ce, “Baike! Me ka yi?”

Yana kwance yana kallon tafin hannuwansa kamar na aro ne.

Daga nan komai ya bi tsarin da manya suka zana. Tunda ba mu tsare bakin kwarin ba, aka ba Kazakawa umarni, tankokin Daulet suka fito da ruri suka yi wa mushen nan rugu-rugu, jirage suka wuce ta kanmu, baƙi suka yi tafi. An ce ƙawance ya yi aiki.

Da azahar aka kira mu tantin Kanar. Akwai wani injiniyan mutanen arewa mai suna Arkadi, mutumin kirki ne amma in ya kama abu ba ya saki. Ya riga ya kwance na'urar harbin a kan tebur, ya auna waya, ya leƙa madubi, yana ta gumi.

“Ba abin da ya same ta,” in ji shi ta bakin tafinta. “Na bi rokar da ido, ta tafi kamar an ja layi. Sai dai a ƙarshe ta daina bin tankar. Ba wanda ya ga abin da ya faru a ramin?”

Wa zai gani? Duk wanda ke jin harshenmu fuskarsa na cikin tafinsa a lokacin. Toktosun ya buɗe baki zai yi magana, sai Daulet, wanda ya shigo ba a kira shi ba, ya riga shi.

“Ƙura ce, Kanar. Ina saman tankata da madubin hangen nesa, ramin nake kallo tun farko. Ƙura ce ta taso ta rufe shi. Ai na sha faɗa, abin nan ba ya son ƙura.”

Kanar Osmonaliyeb ya dubi Toktosun. Fuskar Toktosun ta yi futu-futu da ƙurar harbi, amma ga sawun yatsu nan a fili sun gangaro ta kumatu biyu har gemu. Kanar ya daɗe yana kallon sawun. Sai ya sa hannu ya shafi nasa gemun, ya yi tari.

“Ƙura ce,” ya ce. “Saja, je ka wanke fuska.”

Arkadi ya ci gaba da kwance ƙusoshi yana girgiza kai. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Muna fita na kasa haƙuri. Na ce wallahi sai na je na gaya wa tsohon nan abin da ya jawo, mutum ya jira shekara goma sha tara, a zo a ɓata masa da doguwar addu'a har da tunkiya a ciki. Toktosun ya damƙi wuyan rigata.

“In ka buɗe baki, kai da bututu har iyakar ƙasa da ƙafa.”

“To amma me ya sa, baike? Numfashi uku ya rage!”

“Ban sani ba, Jirgal. Hannun ne suka tashi.” Ya sake ni. “Ko da na sani ma, ban ce zan hana su ba.”

Ya ɗauki bokiti da tsumma ya nufi wurin Kazakawa. Daulet ya tare shi ya ce haba, wasa ne, a bar maganar. Toktosun ya ce an tafa, kuma ba za a je Kazakistan a ce Kirgizawa na cin alkawari ba. Ya tuɓe riga ya hau wanki, ni ina ɗebo ruwa daga rafi ina zage-zage. Yaran Daulet da suka taru don su yi dariya, da suka ga kyaftin ɗinsu ya ɗauki tsumma shi ma ya kama ɗaya gefen, sai suka sulale.

Rana ta karkata sai ga dattawa za su koma sama. Aksakal Sagimbai ya ja linzami a kanmu, da ƙunshin kan tunkiya a ɗaure a sirdi.

“Me kake yi?”

“Wanki, Ata.”

“Na wa?”

“Na Kazakawa.”

“Har wannan ma yana cikin ƙawancen?” Ya yi tsaki. Ya kalli ɗansa, ruwan dauɗa na gangaro masa ta gwiwar hannu. “Na gani da idona. Tsakaninta da gindin abin nan bai fi tsawon doki ba. Don dai ƙarfe ne, da kyarkeci ne da tsoro ya kashe shi. Ka gode wa Allah da na zo, balam, yarona. Da ban sa maka albarka ba, da ko kusa ba za ta je ba.”

Na buɗe baki. Toktosun ya taka min ƙafa da dukkan nauyinsa.

“Haka ne, Ata,” ya ce. “Na gode.”

Tsohon ya gyara zama a sirdi, ya dubi duwatsu, ya dubi kunnen dokinsa, ko'ina dai ban da fuskar ɗansa.

“Abin nan mai ƙara murya, yana kaiwa har raminku?”

“Yana kaiwa, Ata.”

“Ka ji abin da na ce?”

“Na ji.”

“Duka?”

“Duka, Ata.”

“To, ba zan maimaita ba.”

Ya zaburi dokinsa ya bi sauran. Ni haushi ya cika ni har wuya, yatsun ƙafata na zugi, rokar shekara goma sha tara ta ƙare a jikin dutse. Shi kuwa Toktosun yana tsaye da jiƙaƙƙen tsumma a hannu yana bin tsohon da kallo, kuma wallahi ban taɓa ganin shi cikin farin ciki irin na ranar ba. Sai da dokin ya sha kwana sannan ya miƙo min bokiti ya ce in ƙaro ruwa.